Dawar da Na Shuka Saboda Motar Kara

Ajin Hausa na ranar Asabar ya faɗo hannuna ne ba don na fi kowa ilimi ba, sai don na fi kowa surutu. A lokacin ina aiki a wani kantin magani a garin Laurel, a ƙasar Turawa, kuma duk taron suna ko walima da za a yi, daga Lanham har Alexandria, in ka ji an fashe da dariya a wani lungu, to ni ne a tsakiya ina ba da labarin garinmu. Da iyaye suka gaji da yi wa 'ya'yansu magana da Hausa suna amsawa da Turanci, sai suka ce to ga mai baki nan, a ba shi yaran ya juye musu. Wani likita ya ba mu ɗakin ƙasa na gidansa a Lanham, aka shimfiɗa kafet, aka kafa allo. Yaran ƙanana ne, 'yan farkon firamare, wasu iyayensu daga Kano da Katsina, wasu daga Jos da kudancin Kaduna. Na karɓi aikin da rawar jiki, har sabuwar hula na saka ranar farko.

Da sunayen dabbobi da sassan jiki na fara, amma ba a je ko'ina ba na ga hamma ta yi yawa. Sai na ajiye alli na koma inda na fi ƙarfi, wato labaran sarakunan garinmu na da, waɗanda na ji a bakin kakata. Nan fa ajin ya farka. Na ba su labarin sarkin da ba a taɓa jin muryarsa a fada ba sai dai bafade ya amsa a madadinsa, da wanda ya hana a sare tsamiya a ƙasarsa ko da ta tsufa ta faɗi. Amma wanda na fi so, kuma na fi maimaitawa, shi ne sarkin da ya gina ganuwar garin. Kakata ta ce bai tara mutane aikin dole ba. Doka kawai ya kafa, cewa duk wanda zai shigo cin kasuwa sai ya zo da tubali ɗaya a hannu ya ajiye a bakin ƙofa, ko attajiri ne ko mai tallan goro, kuma shi ma sarkin in ya fita kilisa ba ya dawowa sai da nasa. Da haka ganuwar ta tashi har ta zagaye garin. In ina ba da labarin nan miƙewa nake, in ɗauki littafi a madadin tubali, in yi tafiyar ƙasaita daga bango zuwa bango, yara suna bina a baya suna ɗaga takalmansu a ka.

A cikinsu akwai wata yarinya mai tabarau, 'yar wata nas daga Jos, wadda ba ta magana sai ta ɗaga hannu, kuma in ta ɗaga ba ta saukewa sai an kula ta. Wata Asabar ina tsakiyar tafiyar ƙasaita sai na ga hannun nan a sama. Ta ce, da Turanci, ta je laburare ita da mahaifiyarta sun bincika a kwamfuta, babu wannan sarkin, babu hotonsa, ko ganuwar ma ba su gani ba. Ta tambaye ni ko na taɓa ganinsa da idona. Na ce a'a, ya rasu tun kafin a haifi kakar kakata. Ta tambaya ko ganuwar tana nan. Na ce ta rushe, mutane sun kwashe ƙasar sun yi gini. Sai ta gyara tabaranta. Na duba sauran yaran, na ga sun fara sauke takalman daga kansu ɗaya bayan ɗaya.

Maimakon in haƙura, sai na sauya hanya don in tsira da mutuncina. Na ce ai abubuwa da yawa na da ba su shiga kwamfuta ba. Mu da muna yara babu wanda ya taɓa saya mana abin wasa. Da hannunmu muke ƙera mota da karan dawa, da ƙofofinta da fitilunta, mu ɗaura mata zare mu ja ta a titi, kuma a unguwarmu kaf babu wanda ya kai ni. Wani yaro ya tambaya ko da batir take aiki, aka yi dariya. Ita kuwa mai tabarau ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “Malam, to ka ƙera mana ɗaya mu gani. In motar gaskiya ce, wataƙila sarkin ma gaskiya ne.”

Na ce ai wannan kamar an yi an gama. Baki shi ke yanka wuya. Sai da na kama hanyar gida na tuna cewa tun da na zo ƙasar nan ban taɓa sa ido a kan karan dawa ba. Daga ranar kuma na san abin da ke gabana: in ban kawo motar nan ba, yaran sun daina yarda da ni ke nan, su da sarakunan kakata baki ɗaya.

Na fara da tunanin a taho mini da shi daga gida, aka ce ko ɗan sille ba zai wuce filin jirgi ba. Wani ya ce in jira kaka, Turawa na sayar da karan masara don adon ƙofar gida, na ce karan masara ai rago ne, cikinsa ba ya riƙe tsinke. Ina zaune ina kallon matata tana wanke dawar da ta sayo a shagon kayan abincin Afirka za ta yi kunu, sai abin ya faɗo mini. Na damƙi hannu guda na zuba a aljihu. Ta bi ni da kallo, ta ce wato yanzu mai haɗa magani zai koma manomi saboda yarinya ta ƙure shi. Na ce mata ɗan manomi ai manomi ne, ko a ina ya tsinci kansa.

Akwai wani fili a bayan unguwarmu da ake yanka wa mazauna ƙananan fuloti su yi lambu. Na samu ɗaya, tsakanin wata tsohuwar Baturiya mai tumatir da wani dattijo mai barkono. Da sanyi ya wuce, ƙasa ta yi ɗumi, na kwaso ajin gaba ɗaya muka je shuka. Na nuna musu yadda ake sara rami, a jefa iri, a rufe da diddige ba tare da an sunkuya ba. Abin ya burge su ƙwarai, suka yi ta tattaka ƙasa har inda ba a shuka komai ba. Na koya musu kalmomin iri da shuka da tsiro a wurin, kuma ba su taɓa mantawa ba. Ranar da na ga kore ya leƙo daga ƙasa, tsaye na yi ni kaɗai ina dariya har mai tumatir ta tambaye ni ko lafiya.

Dawa kuwa ta samu wuri. Ruwa ba ya yankewa, rana ba ta faɗuwa da wuri, ƙasa baƙa wuluk. Kafin tsakiyar zafi ta wuce kaina, ta wuce shingen lambun, ta ci gaba da tafiya sama kamar an aike ta. Ban taɓa ganin dawa mai tsawon wannan ba ko a gonar mahaifina. Mai tumatir ta fara ƙorafin inuwa, na lallashe ta da kwanon dambun nama. Duk Asabar sai na kawo wa yara rahoto, mu auna tsawon a bangon ɗakin likita, har ya zama bangon bai isa ba. Iyaye ma suka shiga ciki. Mutumin da ya yi shekaru bai kira ni ba sai ya bugo waya, bayan gaisuwa ya ce yaya dawarmu. Wasu har tuƙi suke yi daga Virginia su zo su tsaya a gindinta su ɗauki hoto. Mai tabarau kuwa duk mako sai ta tambaye ni yaushe za ta ga motar.

A nan ne na yi abin da ɗan manomi kaɗai zai yi. Kara nake nema, ba hatsi ba, kuma karan ya riga ya yi kauri ya ƙosa. Amma a gidanmu ba a sa wa dawa lauje ba ta fid da kai ta nuna ba. Wanda ya yi haka sai a ce ya taɓu. Ita kuma wannan dawar ta ƙi fid da kai. Daga baya wani malamin jami'a ya bayyana mini cewa dawar ƙasarmu tana jiran yini ya gajarta ne kafin ta yi zangarniya, a nan kuwa kafin yini ya gajarta sanyi ya iso. Ni ban sani ba, na yi ta jira. Matata ta ce in yanke, na ce sai ta nuna. Ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, na ce saura kaɗan. A gida in an gama damina ruwa ɗaukewa yake, kara ya bushe a tsaye. A nan ruwa bai san da wannan yarjejeniyar ba.

Wata safiya na fito na ga gilashin mota ya yi fari da ƙanƙara. Ban ko karya ba na nufi lambu. Dawar nan da ta kai kowa sha'awa ta yi laushi ta sunkuya, ganyenta ya yi baƙi kamar an zuba masa ruwan zafi. Na koma gida na ɗauko wuƙar yankan nama na yi ta sara, ina zaɓen waɗanda ba su jiƙe har ciki ba. Na cika bayan mota da su, sauran suka leƙo ta taga, na tuƙo a hankali mutane suna kallona a wurin fitilar hanya. Na jera su a falo kusa da na'urar ɗumama ɗaki, wasu a bayan kujera, wasu a ƙarƙashin gado. Gidan ya ɗauki warin rumbu. Matata ta ce ita dai ba ta san da auren manomi mai rumbu aka ɗaura mata ba, amma da na tafi aiki ita ce ke juya su don kada su yi fumfuna. Da yawa sun ruɓe duk da haka. Waɗanda suka tsira sun bushe sarai, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji wannan ƙarar da na sani tun ina yaro, kuma da na ji ta sai da na rungume matata.

Ta ba ni shawara in gwada ƙera guda a gida kafin in je gaban yara. Na ce karan bai da yawan da za a yi ɓarna, kuma wanda ya iya ba ya gwaji.

Ranar da aka sa, ɗakin ƙasa ya cika maƙil. Iyayen da suka saba ajiye yara a ƙofa su wuce, duk suka shigo suka jingina da bango, wasu da kayan aiki a jikinsu. Na zauna a tsakiyar kafet na tanƙwashe ƙafa, yara suka kewaye ni. Na ɗauki kara na ɓare ɓawonsa, na gargaɗe su cewa yana yanka kamar reza, na tsaga shi siri-siri ya zama tsinke. Farar totuwar da ke ciki na yanka gunduwa-gunduwa. Wallahi hannuna bai manta ba. Yatsuna suna tafiya da kansu, ina soka tsinke ina haɗa totuwa da totuwa, ga ƙasan mota, ga gefe, ga wurin direba. Na yi mata bodi irin na manyan motocin da ke ɗaukar buhuna zuwa kudu, har da tsani a baya. Yara suka matso har numfashinsu na taɓa hannuna. Wani uba ya ce a garinsu ba haka ake yin gaban ba, wani ya ce masa garinku ai ba mota ke zuwa ba sai jaki, aka kwashe da dariya. Daɗi ya cika ni har ina waƙa ƙasa-ƙasa.

Sai aka zo kan taya. Na yanka totuwa zagaye-zagaye, na soka su a tsinke, na soka tsinken a cikin jikin motar, na ɗaura zare. Na miƙa wa mai tabarau na ce ta ja. Ta ja. Motar ta biyo ta tana jan ciki a kan kafet, taya ko motsi, sannan ɗaya ta ɓalle ta gangara ƙarƙashin kujera. Na ce ba komai, na sake wata. Ita ma haka. Na juya motar na kifa ta, ina kallon cikinta, ina jiran yatsuna su gaya mini abin da ke biye, amma shiru.

A nan zaune na gane abin da ya faru. Ban manta yadda ake taya ba. Ban taɓa sani ba. Ni nake yin bodi, in ƙawata shi, in gama in miƙa wa yayana, shi ya juya baya ya yi ƙasan, ya miƙo mini tana gudu, ni kuma in fita titi ina cika baki. Shekara da shekaru ina ba da labarin motocina, na share shi daga ciki ba tare da na sani ba. Yayan nan nawa ya rasu ina nan ƙasar, ban samu zuwa jana'izarsa ba. Kewarsa ta taso mini a lokacin da ban shirya mata ba, a gaban yara da iyayensu, da guntun kara a hannu. Na ɗaga kai na gaya musu gaskiya, da Hausa sannan da Turanci don kowa ya ji: tayar ba aikina ba ce, aikin yayana ce, kuma ba ya raye balle in tambaye shi.

Sai na ji an ajiye jaka a bayana. Mahaifiyar mai tabarau ce, da rigar asibiti a jikinta, ta tuɓe takalmi ta durƙusa kusa da ni.

Ta ce, “Malam, matsa mini. Cikin maza na tashi, kuma ni suke bai wa taya don hannuna ya fi nasu ƙanƙanta.”

Ta dubi tayoyina na totuwa ta girgiza kai, ta ce wannan ko kaza ba za ta ɗauka ba. Ta tambayi maigidan ko akwai tsohon silifa. Likita ya haura da gudu ya dawo da silifan alwalarsa, bai ma tsufa ba. Ta kifa murfin kwalba a kai ta zana, ta yanke da wuƙa, ta huda tsakiya. Sannan ta yi abin da ya gagare ni: ta lanƙwasa ɓawon kara ta soka bakinsa biyu a ƙasan motar ya zama ɗan zobe, ta zura siririn sille ta cikinsa yana yawo, ba ta soka shi a jiki ba. Ta sa taya a kowane gefe, ta toshe da guntun totuwa. Ina ganin zoben nan na gane shi, haka yayana yake yi. 'Yarta kuwa ta tsaya baki buɗe tana kallon uwarta kamar yau ta fara ganinta.

Aka ajiye motar a kan siminti a bakin matakala, inda kafet ya ƙare. Yarinyar ta ja zaren. Motar ta tafi sumul, tayoyi huɗu suna juyawa, tsanin baya yana rawa. Ihun da yaran nan suka yi sai da matar likita ta leƙo daga sama. Kowa na so ya ja. Iyaye maza suka yi wa sauran karan rubdugu, manyan mutane da furfura suna zaune dirshan suna gardamar yadda ake fitila. Wani ya haɗa wa ɗansa tabarau na kara, wata ta yi gadon 'yar tsana, ɗayan silifan likita ma bai tsira ba. Ni dai ina gefe ina dariya ina share ido, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da hayaniyar ta lafa, sai ga hannu a sama. Ta zo ta tsaya a gabana da motar a rungume, ta ce motar gaskiya ce, to sarkin tubali fa, shi ma gaskiya ne? Amsar da na yi wata da watanni ina tanadi tana bakina, in ce ai ga shi kin gani da idonki. Amma yanzun nan na ga yadda na ba da labarin kaina ba daidai ba, ni da nake wurin da aka yi abin. Na kasa rantsewa a kan mutumin da ya rigayi kakar kakata.

Na ce, “Ban sani ba, 'yata. Ban gan shi ba, kakata ma ba ta gan shi ba. Haka aka gaya mata, ita kuma haka ta gaya mini.”

Na zaci shi ke nan, na rasa ta. Ta juya tayar motar da yatsa. Can ta ce ranar Litinin a makarantarsu kowa zai kawo wani abu daga gida ya yi bayaninsa a gaban aji, tana so ta kai motar, kuma za ta ba su labarin sarkin. Na tambaye ta in wani ya ɗaga hannu ya ce bai gani a kwamfuta ba fa. Ta ce in maimaita mata abin da na faɗa yanzu, da Hausa, a hankali. Na maimaita. Ta gyara tabaranta, ta faɗa da harshenta mai nauyi, karo na farko da na ji ta haɗa jimla da Hausa ba tare da an tilasta ta ba.

“Haka aka gaya mini.”